Neman afuwar Shugaban Ƙasa: daga takardar koke zuwa ƙofar gidan yari

Duk fayil ɗin neman afuwa da ya zo teburina, takardar tuhuma nake fara buɗewa, in nemo layin da ya ambaci dokar da aka ce an karya. Dangi kan so a fara da labarin halin da ɗan'uwansu ke ciki, da yaran da ya bari, da tsohuwar da ba ta da lafiya, kuma duk za a zo kansu. Amma wancan layi ɗaya shi ne ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Sashe na 175 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa ikon yin afuwa ne a kan laifin da dokar Majalisar Tarayya ta kafa kaɗai. Idan dokar jiha ce, sashe na 212 ya miƙa ikon ga gwamna. Wanda babbar kotun Kano ko ta Katsina ta ɗaure da kisan kai a ƙarƙashin Final Kod, wato dokar laifuka, na jiharsa, ko wanda kotun shari'ar Musulunci ta hukunta, ko an kai takardarsa fadar Shugaban Ƙasa sau goma ba abin da za ta haifar. Mai laifin ƙwaya da NDLEA ta gurfanar a Babbar Kotun Tarayya kuwa, gwamna ba shi da ta cewa a kansa, ko da a gidan yarin garin gwamnan yake kwance.

Mutane na ruɗewa a nan saboda suna duban hukumar da ta kama mutum. EFCC na iya gurfanar da mutum a kotun jiha da dokar jiha, kuma a wannan hali gwamna ne mai afuwa. Abuja kuma daban take: Final Kod ɗin da ake aiki da shi a Babban Birnin Tarayya dokar tarayya ce, shi ya sa kisan kai ko cin amana da aka yi shari'arsa a babbar kotun Abuja ke shiga hannun Shugaban Ƙasa. Ta wannan hanya ce shari'ar tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba ta zama ta Shugaban Ƙasa, duk da cewa kuɗin jihohinsu ake magana. Soja da kotun soja ta hukunta ma na Shugaban Ƙasa ne, sai dai a kansa kundin ya ce a yi aiki bisa shawarar Majalisar Magabata, wadda ta ƙunshi gwamnoni da tsofaffin shugabannin ƙasa, ba tuntuɓarta kawai ba. Akwai kuma wurin da afuwa ba ta shiga sam: hukuncin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata. Jadawali na biyar na kundin ya faɗa ƙarara cewa ikon afuwa bai shafi hukuncin wannan kotu ba, don haka wanda ta tsige ko ta haramta wa riƙe muƙami sai dai ya ɗaukaka ƙara.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi ɓata fayiloli: akwai sauran ƙara a gaban wata kotu? A nan nake ɓata lokaci fiye da ko'ina, ina bin rajistarar Kotun Ɗaukaka Ƙara da ta Kotun Ƙoli, domin sau da yawa dangi ba su ma san wani lauya ya taɓa shigar da takardar ɗaukaka ƙara shekaru da suka wuce ba, takardar na can kwance ba a saurara ba, ba a kuma janye ba. Tun a 2005, a shari'ar Solola, Kotun Ƙoli ta nuna cewa wanda aka yanke wa hukuncin kisa kuma ƙararsa ba ta kai ƙarshe ba, bai kamata Shugaban Ƙasa ko gwamna ya yi masa afuwa ba tukuna. A Sakkwato ma an gwada ɗaya gefen: gwamna ya yi wa wasu tsofaffin jami'ai afuwa alhali shari'ar da EFCC ke yi da su ba ta ƙare ba, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2018 ta ce ba a yafe wa wanda doka ke ɗauka bai yi laifi ba. Lauyoyi na ta jayayya a kan wannan, domin lafazin kundin ya ambaci wanda ke da hannu a laifi ko wanda aka samu da laifi, kuma wasu na ganin hakan ya halatta afuwa tun kafin hukunci, kamar yadda Gerald Ford ya yi wa Richard Nixon a Amurka a 1974 ba tare da an taɓa gurfanar da shi ba. Ni dai ba na gina makomar mutum a kan jayayyar da kotunanmu suka riga suka nuna inda suka karkata.

Wanda ya ga abin da ya faru da Maryam Sanda ya ga illar a fili. Babbar kotun Abuja ta yanke mata hukuncin kisa a Janairun 2020, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar, ƙararta na Kotun Ƙoli, sai sunanta ya fito a jerin afuwar Oktoban 2025, daga baya aka mayar da abin ɗaurin shekara 12. Bayan 'yan makonni, a Disamba, Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisan, ta kuma soki yin afuwa a kan shari'ar da ke gabanta. Sai ga mutum ɗaya da takardu biyu daga rassa biyu na gwamnati, kowace na faɗin abu daban. Ba na fatan wanda nake wakilta ya tsinci kansa a irin wannan tsaka-mai-wuya.

Maganin shi ne a zaɓa, kuma zaɓin ba shi da daɗi. Ko dai a bar ƙarar ta kai ƙarshe, wanda a Kotun Ƙoli kan ɗauki shekaru, ko a janye ta a rubuce. Ƙarar da aka janye ana ɗaukarta a matsayin korarriya, kuma dawo da ita abu ne mai wuyar gaske. Idan aka janye, afuwar kuma ba ta zo ba, an yi biyu-babu. Don haka sai na karanta hukuncin kotun farko daga bango zuwa bango kafin in ba da shawara. Idan akwai rami na gaske a cikin shaidar, misali an dogara da furucin amsa laifi da aka musanta ba tare da wata hujja mai ƙarfafa shi ba, ina cewa a riƙe ƙarar. Idan hukuncin ya zauna daram, ina faɗa wa mai ita gaskiya, shi kuma ya sa hannu da kansa a gaban jami'in gidan yari. Wannan shawara ba ta wan mutum ba ce, ba ta mahaifinsa ba ce, tasa ce.

Daga nan sai abin da za a roƙa. Sashen ya ba da abu huɗu: afuwa cikakkiya ko mai sharaɗi, jinkirta zartar da hukunci, musanya hukunci da wanda ya fi shi sauƙi, da yafe wani ɓangare ko dukkan hukunci, tara, ko dukiyar da aka ƙwace wa gwamnati. Kuskuren da aka fi yi shi ne kowa ya rubuta yana neman afuwa cikakkiya. Wanda ke layin kisa kan laifin da aka rasa rai, ya nemi a sake shi gobe, ya sauƙaƙa wa kwamitin da ke ba Shugaban Ƙasa shawara kan afuwa ƙin amincewa. Abin da ke da hanya shi ne a roƙi a mayar da kisan ɗaurin rai-da-rai, bayan wasu shekaru na kyakkyawan hali a dawo a roƙi a yanka masa adadin shekaru. Mataki na biyun nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin rangwamen kashi ɗaya cikin uku da gidan yari ke yi wa mai ladabi sai a kan hukunci mai adadi ake lissafa shi. Wanda aka ce shekara 15, idan bai yi laifin da ya zubar masa da rangwame ba, shekara 10 zai yi. Mai rai-da-rai ba shi da adadin da za a raba uku.

Kafin in rubuta ko kalma ɗaya, ina zuwa ofishin ajiyar bayanai na gidan yarin in ga takardar umarnin tsarewa da idona. A jikinta ko a rajistarsu akwai ranaku biyu, ranar fita mafi kusa da ranar fita mafi nisa. Ina kwatanta su da abin da alƙali ya rubuta: daga ranar kamu hukuncin ya fara, ko daga ranar yanke shi? Idan tuhume-tuhume uku ne, tare za a yi su ko ɗaya bayan ɗaya? Akan samu alƙali ya ce a lissafa shekarun jiran shari'a, amma magatakarda bai sa hakan a takardar da ta bi fursunan ba. Irin wannan ba afuwa yake buƙata ba, gyaran takarda ne a kotun da ta yi hukuncin, kuma ya fi sauri nesa ba kusa ba.

Abin da ke shiga fayil ba shi da yawa, amma kowanne sai ya zama na gaske. Kwafin hukuncin kowace kotu da shari'ar ta bi, mai hatimi da sa hannun rajistara. Kwafin takardar tsarewa. Shaidar cewa babu sauran ƙara. Rahoton shugaban gidan yarin a kan halin mutumin, wanda shi ne ya fi kowace takarda nauyi, domin gandurobobi ne ke kwana da tashi da shi. Idan ya koyi ɗinki ko kafinta, ko ya zauna jarrabawar NECO, ko yana karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da ke da cibiyoyi a wasu gidajen yari, a sa shaidar. Idan rashin lafiya ce hujja, rahoton likitan gidan yari da na asibitin gwamnati da aka tura shi ake so, mai ɗauke da sunan cutar da sakamakon gwaji. Wasiƙar asibitin kuɗi mai layi uku da ke cewa yana fama da hawan jini ba ta motsa kowa, don rabin gidan na da shi. Idan tsufa ne, a kula kada shekarun da ke takardar rantsuwa su saɓa da waɗanda aka rubuta ranar da ya shiga. Sai wasiƙar wanda zai karɓe shi, da adireshi da sana'ar da zai koma, in da hali da goyon bayan mai unguwa ko hakimi ko limami. Kuɗin da ake kashewa na halal a duk wannan shi ne na kwafe takardu a rajistara da na zirga-zirga. Duk wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi zai sa suna a jeri, a rufe masa ƙofa. Ko ya cika alkawari, ya bar wa mutum abin da zai iya rusa afuwar daga baya.

Ita takardar koken kanta shafi biyu ta isa, uku idan ta yi yawa. Abin da na hana shiga cikinta shi ne sake shari'a. Kwamitin afuwa ba kotu ba ne, ba zai auna shaidu ba, kuma takardar da ta cika da cewa alƙali ya ci hanci, ɗan sanda ya yi ƙarya, tana gaya musu abu ɗaya ne: wannan bai yi nadama ba. A nan mai gaskiya ke shiga uku. Wanda ya san bai aikata ba, ana so ya roƙi gafarar abin da bai yi ba. Ba na sa kowa ya amsa laifin ƙarya. Abin da nake yi shi ne in gina koken a kan shekarun da ya riga ya yi, da lafiyarsa, da halinsa, in bar batun laifin yadda kotu ta bar shi.

Akwai mutanen da doka ba ta ce a tuntuɓa ba, amma ban taɓa ɗaukar fayil ɗin jini a matsayin kammalalle ba sai an je gare su: iyalan wanda aka kashe. Sashe na 175 bai ambace su ba ko sau ɗaya. A wajenmu kuwa kowa ya tashi da sanin cewa haƙƙin jini na magada ne, su ke da ikon neman ƙisasi, ko karɓar diyya, ko yafewa don Allah, kuma shugaba ba ya yafe abin da ba nasa ba. Wannan saɓani tsakanin abin da kundi ya halatta da abin da zuciyar jama'a ta yarda da shi shi ne ke hura wutar yawancin rigimar da ke bin afuwa a Arewa. Ba lauya ke zuwa wannan aike ba. Dattawan dangi ne, da malamin da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, kuma ba a zuwa da takarda a aljihu ranar farko. In sun yafe, a rubuta, dukkan magadan da abin ya shafa su sa hannu, domin yafewar mutum ɗaya a gida mai rassa da yawa kan zama sabuwar fitina ranar da labari ya fita. In sun ƙi, a faɗa wa kwamiti gaskiya. Za su ji ko ba a faɗa ba.

Ana rubuta koken ga Shugaban Ƙasa ta hannun kwamitin da ke ba shi shawara kan afuwa, wanda Antoni Janar kuma Ministan Shari'a ke shugabanta, da wakilan hukumar gidajen gyaran hali, 'yan sanda, hukumar kare haƙƙin ɗan'adam, da na ƙungiyoyin addinin Musulunci da na Kirista. Ina shigar da kwafi biyu, ɗaya ta hannun shugaban gidan yari ya bi ta kwanturolan jiha zuwa hedikwata, ɗaya kai tsaye ga sakatariyar kwamitin, kowanne a buga mini hatimin karɓa. Tun ƙarshen Oktoban 2025 aka ba da umarnin mayar da sakatariyar daga ma'aikatar ayyuka na musamman zuwa ma'aikatar shari'a, don haka wanda ya shigar da takarda kafin lokacin ya bi sawu ya tabbatar ta yi ƙaura tare da su. Sai jira. Kwamitin ba kullum yake zaune ba: Buhari ya kafa nasa a 2018, na Tinubu sai a Janairun 2025 aka rantsar da shi. Idan sun fara aiki sukan zaga gidajen yari su gana da fursunoni ido da ido, ganawar kuma gajeriya ce. Ina shirya mutum ya iya faɗin laifin da aka ɗaure shi a kai, shekarun da ya yi, abin da ya koya, da inda zai sauka, ba tare da kuka ko dogon wa'azi ba.

Ma'aunin da suke dubawa ba ɓoyayye ba ne. A afuwar Afrilun 2020, lokacin korona, da ta shafi fursunoni 2,600, an bayyana shi: mai shekara 60 zuwa sama, mai cutar da ake jin za ta kai shi kabari, mai taɓin hankali, wanda aka ɗaure shekara uku ko fiye kuma saura ƙasa da wata shida ya fita, da wanda tarar da ba ta wuce naira 50,000 ba ta riƙe. Wanda ya faɗa cikin ɗayan waɗannan, a sa shi a sakin layin farko na kokensa.

Daga kwamiti sai Majalisar Magabata: Shugaban Ƙasa da mataimakinsa, tsofaffin shugabanni, tsofaffin alƙalan alƙalai na ƙasa, shugabannin majalisun tarayya biyu, gwamnoni 36 da Antoni Janar. Tuntuɓarta wajibi ne, bin ra'ayinta a laifin farar hula ba wajibi ba ne. Ranar da ta zauna ne labari ke fita a rediyo, ranar ce kuma waya ke ta ƙara: "Barista, an ce an karanta sunansa, mu zo da mota?" Amsata kullum ita ce a dakata. Sanarwa ba ta buɗe ƙofa. Ganduroba ba ya sakin mutum da labarin jarida, sai takardar da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu ta bi ta hedikwatar hukumar ta sauka a gidan da mutumin yake. Dariye da Nyame, da duk gatansu, an amince da afuwarsu tare da wasu 157 a Afrilun 2022, amma sai a Agusta suka bar gidan yarin Kuje. A 2025 abin ya fi haka: an sanar da mutum 175 ranar 9 ga Oktoba, ƙasa ta ɗauki zafi da aka ga masu safarar ƙwaya da masu garkuwa da mutane a ciki, Antoni Janar ya fito ya ce ba a saki kowa ba tukuna, kafin wata ya ƙare aka fito da sabon jeri da aka zare sunaye da dama, wasu kuma aka mayar da sakinsu ragin shekaru. Doka ba ta hana hakan ba, tunda takardar ba ta fita ba. Iyalan da suka riga suka yi walima su ne suka sha ɗacin.

Idan takardar ta iso, ina karanta ta kalma bayan kalma kafin kowa ya yi murna. Sunan ya dace da na takardar tsarewa harafi da harafi? Muhammad da Mohammed sun isa su riƙe mutum makonni. Ta ambaci dukkan tuhume-tuhumen ko ɗaya kawai? Akwai wata shari'ar daban da ake tsare da shi a kanta? In ragin shekaru ne, daga yaushe za a fara ƙirga sabon adadin? In akwai sharaɗi, mene ne shi, wa zai sa ido a kai? Sannan babbar tambaya: afuwa aka rubuta, ko saki kawai?

Bambancin nan ne ke yanke sauran rayuwar mutum. Wanda aka sassauta wa ko aka yafe wa ragowar zamansa ya fita, amma a idon doka yana nan a wanda aka samu da laifi. Wanda aka yi wa cikakkiyar afuwa kuwa, sashe na 36 ya hana a sake gurfanar da shi kan wannan laifi, haƙƙoƙin da hukuncin ya ƙwace masa kuma sun dawo. Shari'ar da muke dogara da ita ita ce ta Falae da Obasanjo a 1999. Olu Falae ya ce Obasanjo bai cancanci takara ba saboda ɗaurin da aka yi masa a zamanin Abacha. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce afuwar da gwamnatin Abdulsalami ta yi masa ta mayar da shi sabon mutum a gaban doka. Kundin ya hana wanda aka samu da laifin rashin gaskiya tsayawa takara har shekara 10, a sashe na 66 ga 'yan majalisar tarayya, na 137 ga Shugaban Ƙasa, na 182 ga gwamna. Shi ya sa ɗan siyasar da ya riga ya gama zamansa ke ci gaba da neman afuwa. Tsohon ɗan majalisar wakilai Farouk Lawan ya fita daga Kuje a Oktoban 2024 bayan ya kammala hukuncin shekara biyar, afuwar kuma ta zo masa shekara guda bayan haka. Ba ta rage masa ko kwana ɗaya ba, katangar shekara 10 ɗin kawai ta kawar masa.

Abin da afuwa ba ta yi ma yana da yawa, kuma gara a faɗa wa mutum tun da wuri. Ba ta goge haƙƙin wani: kundin ya ce tara ko dukiyar da ta zama ta gwamnati, don haka wanda aka cuta na iya bin kuɗinsa ko diyyarsa a shari'ar farar hula. Ba ta mayar da mutum kujerar aikin da aka kore shi, ko ta biya shi albashin baya, sai in an faɗi haka a fili. Ba ta tsallaka iyaka: tsohon gwamnan Bayelsa Diepreye Alamieyeseigha ya samu afuwar Jonathan a Maris 2013, amma tuhumar da ya gudu ya bari a Landan a 2005 ba ta san da ita ba, kuma ofishin jakadancin kowace ƙasa na da ikon tambayar ko an taɓa ɗaure ka. Ba ta kuma cewa ba ka yi ba. Wannan ne ya sa da aka yi wa Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas na Ogoni afuwa shekara 30 bayan rataye su a 1995, masu fafutukarsu da yawa suka ce su wankewa suke nema, tunda a ganinsu babu laifin da za a yafe. Ina ganin suna da hujja.

Illar afuwar 'yan siyasa kuwa ba a kan wanda aka yi wa afuwa take faɗawa ba. An gurfanar da Dariye a 2007, ba a yanke masa hukunci ba sai a 2018, bayan shari'ar ta je Kotun Ƙoli ta dawo, har da ɗan sandan da ya taso daga Landan ya ba da shaida. Kotun Ƙoli ta tabbatar da shekara 10 a 2021, shekara ɗaya bayan haka aka yafe. Mai bincike da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wannan fayil, da shaidan da ya yi kasadar fitowa, me za a ce musu ranar da aka kawo sabon fayil na wani gwamna? Afuwar Alamieyeseigha ma sai da ofishin jakadancin Amurka ya fito fili ya nuna takaicinsa. Ba na cikin masu cewa a soke ikon afuwa. Da shi aka fito da Awolowo daga kurkuku a 1966, da shi Shagari ya buɗe wa Gowon da Ojukwu hanyar dawowa gida, kuma ƙasar da ba ta da hanyar gyara hukuncin da ya yi tsauri ba ta da tausayi. Abin da ke damuna shi ne kowane babban suna da aka cusa a jeri yana jawo wa ƙananan sunaye bala'i. Idan hayaniya ta tashi aka ce a sake tantancewa, tsohon da ya shekara 20 a ɗaure, wanda fayil ɗinsa ya cika kowane sharaɗi, shi ma sai ya koma layi, kuma gwamnatin da ta ƙone hannu takan daɗe ba ta sake zama a kan afuwa ba.

Shi ya sa kafin a zuba duk fata a kan Abuja nake duba ƙananan ƙofofi. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019, a sashe na 12, ta ba Babban Joji ikon mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai-da-rai idan mutum ya ƙare duk ɗaukaka ƙararsa kuma shekara 10 ta wuce ba a zartar ba. Da yake gwamnoni sun daɗe suna gudun sa hannu a takardar kisa, sama da mutum 3,000 ne ke wannan layi, kuma da yawansu sun cika sharaɗin ba wanda ya rubuta musu. Mai jiran shari'a, wanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare, ba afuwa ce tasa ba; beli ne, ko ziyarar da Babban Joji ke kaiwa gidajen yari yana sallamar waɗanda suka daɗe ba bisa ƙa'ida ba. Wanda tara ta riƙe, a biya tarar a karɓi rasit.

Aikin ƙarshe bayan mutum ya fito shi ne takardu. A nemi kwafin takardar afuwar mai hatimi, da gazet ɗin gwamnati idan an buga sunan a ciki, da takardar sallama daga gidan yari, a yi kwafi da yawa a ajiye a wurare daban-daban. A kai ɗaya rajistarar kotun da ta yi hukuncin a sa a fayil. A rubuta wa rajistar masu laifi ta 'yan sanda da ke Alagbon a Legas, inda hoton yatsunsa yake, a haɗa da kwafi, domin babu tabbacin labarin afuwar zai isa can da kansa, kuma daga can ake fitar da takardar shaidar hali da ake nema wajen aiki ko biza. Mai niyyar takara kuma ya ba lauyansa kwafi tun kafin ya sayi fom, tunda abokin hamayya zai nemi ganin ainihin lafazin takardar a kotu.